Gaisuwar Tsaye Daga Paris Zuwa Lyon

Sati uku bayan Sallar Layya, shekara biyu cif da rasuwar Malam mijina, na bar Damagaram zuwa Paris ganin ɗiyata da ɗanta. Yaron nan ni na yi masa wankan farko, yau ga shi da gemu. Amma da na sauka gidansu a La Courneuve, a tsaye ya gaishe ni kamar sa'arsa. Ni da limamin unguwarmu ke rage tsawo in zai gaishe ni. Uwarsa ta ce ciwo ne mai cin tsoka. Na ce a raina, ciwon lalaci dai. Kwana shida ban sakar masa fuska ba.

Ran na bakwai mun tashi da asuba zuwa Lyon, wurin lokotoronsa, likitar da ke duba shi. Jirgin ƙasan nan ba gudu yake ba, tashi yake. Gonaki kore shar, shanu farare ƙosassu, babu makiyayi ko ɗaya. Shayinsu a kofin takarda, kuɗinsa ya isa miyar gida guda. Jikana kuwa yana jingine da taga, yana matsa cinya. Lyon gari ne mai kogi biyu, suna haɗuwa kowane da launin ruwansa. Ni da na tsufa ina jan guga a rijiya gaba ashirin, sai na tsaya baki buɗe ina tasbihi.

A asibiti lokotoro ta ce wa jikana ya zauna ƙasa ya tashi. Ya kafa hannu, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawan jikinsa kamar mai hawan giginya. Kafin ya miƙe rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ɗiyata ta fassara mini: hawa bene ɗaya a wurinsa dakan yini ne, ciwon kuma ko yana kwance bai barinsa, barci bai mayar masa da ƙarfi. A haka yake zuwa jami'a kullum. Wallahi kogin nan biyu ba su ba ni mamaki kamar tashin nan ba.

Na ce, "Maigida, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Amarya, kin taɓa barin wani ya gama magana?"

Ranar komawata ya fara lanƙwasa gwiwa zai yi mini bankwana. Na riƙe kafaɗarsa, na zaunar da shi a kujera, ni na durƙusa. Sai da uwarsa da ubansa suka haɗu suka ɗaga ni, shi yana ta dariya.

Na dawo gida da sanin cewa ladabi ba a gwiwa yake ba, kuma mai ɗauke da kaya mafi nauyi ba lalle a ga komai a kansa ba. Cikin waɗanda suka ci sunan yaron nan saura ni, da Hajiya Tsahara da idonta ya tafi, da Ɗan Azumi wanzamin da ya yi masa aski. Na tara su na ba su labari, na ce duk wanda ya kira shi rago, da ni zai yi.