Ranar Buɗe Makaranta a Malesiya

Duk faɗin Abuja, daga Karu har Sheda, babu wanda ya kai ni sanin jami'o'in duniya. Digirina a gida na yi shi, wanda yajin aiki ya yi ta ja har na fara furfura a aji. Sannan a shekarun nan da kuɗin mai ya cika gari, ma'aikatarmu ta tura ni kwas Malesiya. Ƙasa biyu ke nan a aljihuna.

Shi ya sa da 'yar yayana ta samu gurbin karatu a can, ni aka kira gidansa da ke Kurudu in raba gardama. Ranar buɗe makarantarsu ta faɗo gab da Babbar Sallah. Uwarta na so ta tsaya ta ci nama, ita kuwa yarinya ta kafe, wai in ta makara gurbin zai suɓuce.

Na gyara zaman babbar rigata. "Ke, jami'a ko'ina jami'a ce. Ranar buɗewa ta masu shara ce da ɓeraye. Mu a zamaninmu sai ka yi wata kana neman katifa kafin malami ya leƙo, ya ce a sayi handawut, ya sake ɓacewa."

"Baffa, can fa ba a yajin aiki. An ce ran farko ake fara lacca."

"An ce! To ni da na je fa?"

Ta yi ta kuka har Yaya ya gaji ya kai ta filin jirgi. Na ce a ajiye mata soye, za ta je ta tarar da ƙofa a kulle.

Ranar Sallah muna tsakar gida ana suya, sai ga wayarta. Yaya ya ƙure muryar wayar don kowa ya ji. Tuni an ɗora musu aiki. Malami na riga su shiga aji, kuma wai so yake a yi masa gardama. An rufe rajista, wasu 'yan ƙasarmu da suka tsaya cin nama sai zango mai zuwa.

Na yi gyaran murya, na ce ai dama na sani, bayan dawowata aka canza tsarin.

Yaya ya juya tsokar da ke cikin kasko, ko kallona bai yi ba.

"Wai ni kam, jami'ar da ka yi a can, ba ita ce ka ce tana da wurin ninkaya, ana kuma kawo maka shayi har gado ba?"