Sunan da Buba Bai Taɓa Faɗa Ba

Buba mai albasa na Ruwan Gizo mutum ne da ko gishiri ka ba shi sai ya lasa kafin ya yarda. Ba haka aka haife shi ba. A wajen Maradun yake da shanunsa har ranar da 'yan bindiga suka kore su, kuma wanda ya nuna musu hanya mutum ne da suke cin tuwo tare. Tun da ya dawo noman rani a Bakolori, duk wanda ya yi masa fara'a sai ya tambayi kansa me yake nema.

Ɗansa na fari, Ɗayyabu, ɗan shekara goma sha tara, shi ne a wurin shanun ranar, kwana uku ba a ji ɗuriyarsa ba. Bai sake zama daidai ba. Sai ya bar aiki ya je bakin babbar hanyar ruwa ya zauna yana kallonta, wata rana har aka riƙo shi da riga yana shirin faɗawa. Uwarsa Kyauta ta samo lambar wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da ke zuwa har gida daga Mafara cikin farar mota.

Zuwan farko Buba ya ƙyale su. Na biyu ya ƙirga mutanen motar. Na uku ya lura yaron da kansa ya kira su, kuma sun daɗe a zaure suna rubuce-rubuce. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Wa ke ƙona mai har sau uku don ɗan talaka, in ba sunayen mutane ake tattarawa ba? Tambayar yaron kuwa ba ta taso ba. Ɗan fari ne, ana kunyarsa; Buba bai taɓa kiran sunansa ba, iyakarsa "wancan" ko "kai".

Zuwa na huɗu ya tare ƙofa. Bayan doguwar gaisuwa ya dubi shugabarsu, wata ma'aikaciyar jinya, Malama Surayya.

"Ɗiyata, wa ya aiko ku? Mi kuka nema gidanga kullum?"

"Baba, ba wanda ya aiko mu. Shi ka kiranmu, kuma mun fi son ya kira da ya yi shiru."

"In kuna da magani, mi ya hana shi warkewa?"

"Magani shina sha. Amma ya ce in gaya maka wani abu, tunda shi bai iyawa. Yana ganin tun da shanun sunka tafi a hannunai ka daina kallonai. Ya ce in ya faɗa ruwa ma sauƙi ya yi maka."

Maganar ta soki Buba. Shi da ya kwana uku bai ci abinci ba sai da ya ga yaron ya dawo da rai! Kawaicin da yake ɗauka ƙauna ce, ashe yaron fushi yake gani a ciki.

"Ina shi ke yanzu?"

"Daga bakin ruwa ya kira mu. Abokin aikina na tare da shi."

Buba bai jira mota ba, ya yanka ta cikin albasa har ya hango su zaune. Ya tsaya a bayansu.

"Ɗayyabu."

Yaron ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wanda ya kira shi.