Baba Mai Akwatin Tagulla

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe ɗakin gwaji. Sai ya duba ma'aunin zafi, ya rubuta a littafinsa, ya goge akwatin tagulla da tsumma, sannan ya amsa gaisuwar mutane. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, a watan nan kuma zai ajiye aiki. Mu ɗalibai Baba Mai Tagulla muke ce masa. Shi ke ƙera mana kayan awo, kuma ko digiri ɗaya ba shi da shi.

Akwai wani lissafi da ake kira zeta, wanda masana suka daɗe suna bin wuraren da yake komawa sifiri. An lura cewa tazarar wuraren nan ta yi kama da ta matakan ƙarfi a cikin ƙwayar zarra: ba sa son matsar juna. Mu ba mu da halin leƙa ƙwayar zarra, shi ya sa Baba ya ƙera akwatin nan mai karkataccen gefe. Mukan tura masa siginar rediyo, na'ura ta zana tsini a takarda duk inda ya amsa, mu gwada tazarar da ta zeta.

Saura wata biyu in kare digirina, sakamako ya fito daidai ɗas. Har na fara ɗaga kai. Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana duba takardar.

"'Yata, wannan tsinin ya cika ƙiba. Biyu ne suka manne, na'ura ta ƙirga ɗaya. In ana haɗe maƙwabta, ai dole ki ga kamar suna gudun juna."

"Haba Baba, wa zai gani?"

"To ai ni na gani."

Na ji haushinsa sosai. Sake awo sati shida ne, in ban gama ba kuma sai baɗi. Shi ko a jikinsa. Ya huda sababbin ramuka huɗu a jikin akwatin, yana sauya wa eriya wuri, muna bin kowane tsini ɗaya bayan ɗaya. Tsini goma sha tara da suka ɓuya muka tono. Sakamakon ya rage kyau, amma ya zama na gaskiya.

Ranar kare digiri, tambayar farko da baƙon farfesa ya yi ita ce, "Ya aka yi kika tabbata ba ki tsallake ko ɗaya ba?" Na ajiye masa littafin Baba, inda ya rubuta kowane tsini. Ya yi ta buɗawa, bai sake tayar da zancen ba.

Baba, kai ne mai idon da ya fi na'ura. Sunanka ba ya kan takardun da muka buga, amma hannunka na cikin kowace. Na gode, Allah ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku kuma masu tasowa, duk ranar da bakinku ya ce "wa zai gani?", ku tuna amsar da aka ba ni.