Kawu Iro da Harbin A-kori-kura

Duk wanda ya san Kawu Iro a tashar Ƙanƙara ya san bai iya jin ƙarar inji ya wuce. Ko daga masallaci aka fito, in mota ta yi tari a bakin titi, sai ya ja birki, ya karkata hula, ya ɗaga yatsa: "Ku yi shiru, magana take!" Ba bakanike ba ne fa, direba ne, ƙanen mahaifiyata. Son sanin dalili ne kawai ya yi mashi yawa.

A wajen Kawu, harbin mota iri biyu ne. In ta gaba ta yi, ta bakin kafireta inda mai ke gauraya da iska, wannan atishawa ce: iska ta rinjayi mai, ko an harɗe wayoyin filogi. In ta baya ce, ta salansa, to tusa ce, ɗanyen fetur ne ya taru ya kama wuta. Ran nan muna zaman gaisuwar rasuwa a Pauwa, wata mota ta yi tau a waje. Wallahi tafin Kawu na sama ana addu'a, ya karkato ya raɗa mani: "Sada, ta gaba ko ta baya?"

Na ce, "Haba Kawu, fatiha ake!"

Ya ce, "Na sani. Amma ta baya ce."

Tsimi kuwa, kada ma a yi magana. Bai taɓa yar da tsohon filogi ba. Inna Hajara, matarshi, ta taɓa tarar da su jiƙe da kananzir a kwanon miyarta. Ta yi ta faɗa, shi ko ya ce, "To ai su ma wanka suke so."

Sai ga shi tashi a-kori-kurar ta fara harbi, kuma ba ta yi sai a gangare, musamman na shiga Sabuwa ranar kasuwa. Kun san halin da ake ciki a yankin nan, ba a wasa da ƙara. Rannan ta saki wata irin tau, kasuwa ta watse, wata tsohuwa mai daddawa ta faɗi ta gurɗe ƙafa. Shugaban 'yan sa-kai ya tare Kawu, rai a ɓace: "Baba, yau saura ƙiris wani cikinmu ya sakar maka wuta. In ba ta daina ba, kada ka sake biyo hanyar nan." Hanyar nan kuwa ita ce abincin Kawu, ita ce kuma yanzu za ta iya cin ranshi.

Ya kwance kafireta ya wanke. Ya bi wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya. Ya laluba salansa ko ta huje. Ya kai ta gareji a Faskari aka daidaita taimin, wato lokacin ba da wutar filogi. A tasha lafiya lau, ko tari babu. Abin ya hana shi cin tuwo. Ni tsoro nake ji, shi ko tambaya yake: "Mi ya sa sai gangare? Mi gangare ya yi mata?"

Da ciwon kafaɗa ya kama shi, ni na karɓi tuƙin, shi yana gefe. Muka sauka wani gangare kafin Faskari shiru. Ya harare ni.

"Mi ka yi mata?"

"Ban yi komai ba, Kawu."

"To ai shi ne! Gangare guda ka sha mani shi da fetur? Kashe makulli mana!"

Ashe haka yake yi kullum a doguwar gangara, wai tsimin mai, kuma bai fidda giya saboda birkin ba abin yarda ba ne. A gangare na gaba, cikin daji ba kowa, na kashe. Da muka kai ƙasa na murza makulli, sai tau! Har wata akuya da muka ɗauko a baya ta yi fitsari.

Kawu ya juyo ya dube ni. Can sai fuskarshi ta washe kamar an yi mashi albishir da haihuwa. "Sake! Don Allah koma sama ka sake!" Muka sake, ta sake. Ya dafe kai: "Inji na juyawa, kafireta na zuƙa, wuta ce kawai na ɗauke. Ashe ba tsimi nake ba, Sada. Harsashi nake tara mata a salansa!"

Ranar kasuwa kafin ya sauke kaya ya nemi tsohuwar nan mai daddawa, ya durƙusa gabanta. "Inna, ba motar ba ce, hannuna ne. Ki yafe mani." Daga ranar har ƙafarta ta warke, shi ke ɗauko ta ya mai da ta, gidan gaba. Kuma duk suka zo gangaren, sai ya tura hannun dama ƙarƙashin cinya ya danne don kada ya kai ga makulli, ita ko tana cewa, "Riƙe shi da kyau, Malam Iro."

Ran da ya rasu, tana cikin waɗanda suka zo gaisuwa, da sandarta. Wata mota ta yi tari a ƙofar gida, sai na ga duk mun yi shiru, muna jira a tambaye mu ta gaba ce ko ta baya. Nan ne kuka ya ƙwace mani.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya yafe mashi. Shi da ya ƙare rayuwa yana tambaya, Allah ka sauƙaƙa mashi tashi tambayar, ka sa ya kwanta inda ba ƙarar da za ta firgita kowa. Amin.