Ƙullin 'Yan Jakai

Yayana ya mutu a Gulbin Ka, damina ta biyu bayan samun mulkin kai. Ruwa ne ya ci shi. Igiyar da ta riƙe shi a ƙasan ruwan ni na ƙulla ta.

Mu 'yan jakai ne daga Tambuwal. Dako muke yi, gero da gishiri, kasuwa zuwa kasuwa. A shekarar agana ta shiga ƙauyukan bakin gulbi ta wajen Kebbe, aka turo wani malamin asibiti ya yi wa mutane lamba, wato rigakafi. Hanya ta yanke, jaki ma nutsewa yake a laka. Aka ce sai jirgin ruwa, tafiyar kwana huɗu, ana kwana a kan gaɓa. Aka ɗauki ni da yayana don mu riƙa ɗaukar kayan malam daga jirgi zuwa cikin gari.

A Fakku muka haɗa kaya. Mai jirgin wani tsohon Basarke ne, masunci, shi ya san ruwan. Ya sa muka baje komai a kan tabarma, ya bi ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Kujerar malam ya ce a bar ta. Babbar rigar yayana ma haka.

"Wagga riga in ta sha ruwa ta fi ka nauyi," in ji shi. "Biki za ka?"

Ashana ya zuba a gwangwani ya liƙe bakin da kakin zuma. Garin fura da ƙuli-ƙuli muka ɗura a jakar fata da aka shafe da man shanu. Barguna aka naɗe cikin buzu. Tukunya, gishiri, tantin malam da kananzir suka tafi tsakiyar jirgi, can ƙasa. Ni na fara jera su sama, rabi dama rabi hagu, yadda muke yi wa jaki. Tsohon ya rushe jerin.

"Mutanen tudu. Jirgi ba shi da ƙafa fuɗu. A ƙasa kaya ka zama."

Kowane ƙunshi ya ɗaure shi a jikin katakon jirgin. Sannan ya ba kowa busasshiyar gora mai toshe, ya ce a rataya a ƙirji. Ya faɗi doka guda, sau biyu: kaya a ɗaure su da jirgi, mutum kuwa kada ya ɗaura komai a jikinsa sai gora.

Akwai akwatin magani, na ƙarfe, cike da kwalabe da allurai. Malam ya damƙa wa yayana shi, ya ce duk tafiyar don wannan akwatin ake yin ta, kada ya rabu da shi. Yayana mutum ne mai riƙe magana. Kuma a wurinmu, abin da aka ba ka amana a hanya ba a jikin dabba ake barin shi ba. A ƙugu ake ɗaure igiyarsa, ko barci kake. Haka mahaifinmu ya yi, haka muka tashi muka gani.

Kwana biyu ruwa na kwance. Muna sauka, a yi lamba, mu dafa abinci, mu kwana, da safe mu sake ɗaure kaya. Rana ta uku da hantsi tsohon ya ce akwai duwatsu a gaba, ruwan yana gudu, kowa ya zauna ƙasa. Shi yana can baya da filafili. Yayana ya kwance akwatin daga katako ya sa tsakanin ƙafafunsa, ya miƙo mini bakin igiyar ta baya.

"Ƙulla min."

"Yaya, Baba mai jirgi ya hana."

"Baba jirginai shika tsaro. Ni akwati anka ba ni. Ƙulla, kai dai, ko hannunka ya mutu?"

Na zagaya igiyar a ƙugunsa ta ƙarƙashin taguwa. Na yi ƙullin da muke yi wa kayan jaki, wanda in an ja shi ƙara kamewa yake. Shi na iya. Ban yi tunanin wani ba.

Jirgin ya bugi dutse da gefe ya kife. Gora ta ɗago ni. Malam ya kama bayan jirgin, tsohon ya jawo shi da jirgin gaɓa. Yayana na ga kansa sau ɗaya. Akwatin ya faɗa tsakanin duwatsu biyu ya maƙale, igiyar kuma gajera ce. Gorarsa tana jan shi sama, akwatin yana riƙe shi. Tsohon ya nutsa sau uku. Ya lalubo ƙullin, bai kwantu ba, wuƙarsa kuma ta tafi da ruwa. A na huɗu ya ɗauki tawa ya yanke. Lokacin an gama.

Da aka birkito jirgin, duk abin da ke ɗaure da katako yana nan. Tukunya, barguna, har gishiri. Ashana ta kama.

Tsohon ya dubi guntun igiyar a ƙugun gawar, ya dube ni. Bai tambayi wanda ya ƙulla ba. Mutanen wani ƙauye da ke kusa suka yi wa yayana salla, muka binne shi a kan tudu. Aka ciro akwatin, kwalba biyu kawai suka fashe. Washegari malam ya yi wa ƙauyen lamba, ni na ɗauki akwatin a ka. Muka ƙarasa kwana huɗun.

Na komo gida da babbar rigarsa, wadda aka bari a Fakku, na ba matarsa. 'Ya'yansa uku a hannuna suka girma. Jakan na sayar da su bayan shekara biyu.

Yanzu ina Dogon Daji, ina noma gero. Igiya ina tufka ta in an buƙata, amma mai kaya shi ke ƙulla abinsa. Tsakanina da gulbi tafiyar yini ce, ban koma ba.