Mbarek Mai Waya da Ɗigon Baƙin Mai

Yayan matata, Mbarek, bakaniken babura ne a unguwarmu ta Darb Sultan. Duk Kazablanka Mai Waya ake ce masa, kuma ba don yana da wayar hannu ba.

Shekara ashirin da uku da suka wuce ya shirya wa wani babur don tseren waɗanda ba ƙwararru ba. Ana tsakiyar gudu notin ƙasan inji ya kwance, baƙin mai ya malale a kwana, mutum uku suka sha ƙasa. Babu wanda ya mutu, amma tun daga ranar ba ɗan tseren da ya sake kawo masa ko faci. Shi kuwa sai ya koma huda noti yana ɗaure shi da siririyar waya, yadda dokar tsere ta ce. Abin ya bi shi har gida. Murfin butar shayinsa a ɗaure yake, haka marfin tukunyar gas. Zubida matata ta ce da yana da hali da ya huda 'ya'yansa.

Burinsa ɗaya ne: babur daga hannunsa ya gama tsere, a duba ƙasansa, a tarar ba ɗigon mai ko ɗaya. Ya samo ƙaramin babur da ya taɓa yin haɗari, ya yi wata bakwai a kansa. Mahayi ne babu. Matasa suna jin sunansa sai su tuna suna da jana'iza.

Haka aka gangaro kaina, ni Abdelkebir mai sayar da zaitun, shekara hamsin da biyu, wanda gudunsa mafi girma shi ne ranar da aka ce burodi ya kusa ƙarewa.

"Yaya, ka dube ni da kyau kuwa?"

"Na duba. Ba nasara nake nema ba, jaki nake nema mai lasisi."

Duk abin da ba ya ƙara gudu ya cire: madubi, fitila, oda, kujerar baya, har ƙafar da ake jingine babur, don doka ta hana shiga fili da ita. Komai ya cire sai ya ɗora a sikelina na zaitun. Kilo goma sha ɗaya ya rage wa babur. A watannin nan ni kilo tara na ƙara, don Zubida ta ce ba za ta bari mijinta ya mutu da yunwa a cikinsa ba.

Ranar Lahadi muka isa filin tsere a bayan gari. Mai duba babura wani dattijo ne mai ɗingishi, Si Allal. Ɗingishin nan a kwanar da man Mbarek ya malale ya samo shi. Ya durƙusa, ya ja kowace waya da ɗan yatsa, ya daɗe.

"Mai Waya, yau wa za ka karya?"

"Na zo da nawa na gida, Si Allal."

Ni kuwa ina cikin rigar fata ta aro, rana na dafa ni. Mbarek ya hana ni ɗaukar komai, amma na faki idonsa na cusa 'yar gorar baƙin kofi a ƙirji, saboda ban taɓa yin awa biyu ba kofi ba.

Tseren kansa ba abin ba da labari ba ne. Mu goma sha huɗu ne. Na gaba ya wuce ni sau biyu, a na biyun har ya ɗaga mini hannu. A kowace kwana ina karanta duk abin da na haddace. Da aka zo kaɗa mini tutar gamawa, mai tutar har ya fara naɗe ta.

Amma na gama. Na shigo wurin dubawa ina ji kamar sarkin yaƙi, na tsaya gaban Si Allal da jama'a, na kai ƙafar hagu na harbi ƙafar jingina yadda na saba shekara talatin, na saki babur.

Ƙafar tana cikin kwali a garejin Mbarek.

Muka tafi ƙasa tare, ni a ƙasa, babur a sama. Dariya ta ɓarke, sai kuma ta ɗauke. Wani baƙin ruwa ne ke fitowa daga ƙarƙashinmu yana bin kwalta. Na hangi fuskar Mbarek. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a cikin daƙiƙa guda ba sai ranar.

Si Allal ya ɗingiso, ya durƙusa, ya dangwala yatsa. Ya shinshina. Ya lasa.

"Sukari ya yi yawa," in ji shi.

Ya sa aka ɗaga babur, ya shafa farin ƙyalle a ƙasan inji, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Fari tas. Ya ninke ƙyallen ya sa wa Mbarek a aljihun riga.

Mbarek ya tura baburinsa inuwa yana shafa tankin. Ni ina kwance.

"Yaya, ni fa?"

"Kai ma ka yi yoyo," ya ce. "Gobe ka zo gareji in ɗaure ka."