Tsohon Ab-Barik

Har yau ban manta da ranar da wani askari ya shigo ofishinmu riƙe da hannun wani tsoho Ba'irane ba. Bayan Hajji ne, a shekarun sittin, ina ƙaramin magatakarda a wajen wakilin mutawwifai, masu yi wa alhazai jagora, a tashar jirgin ruwa ta Jidda. A lokacin fasfo ɗin alhaji a hannun wakili yake zama har ranar tafiya, kuma ayarin Iraniyawa gari-gari muke jera sunayensu. Tsohon ya ɓace wa mutanensa, ba takarda a jikinsa, ga jirginsu zai tashi bayan la'asar.

Duk abin da muka tambaye shi sai ya ce, "Ab-barik." Mudir, shugaban ofishinmu, ya ce, "Albarka yake sa mana. Halas, shi ke nan, Haruna, miƙa shi ga 'yan sanda." Na san in ya shiga can, jirgi ya tafi ke nan, sai ya yi watanni. Na ce, "Ya Ustaz, ba ni zuwa azahar." Ya ce, "Yalla, je ka."

Na ja shi a ƙafa har cikin Balad, tsohon garin Jidda, wurin Ammi Gulam, mai sayar da darduma wanda iyayensa mutanen Farisa ne. Yana ji ya yi dariya. "Ya waladi, ba addu'a ba ce, garinsa ne. Ab ruwa, barik siriri. Ƙauyen da ɗan rafi ke ratsawa. Amma masu wannan suna da yawa."

Na ce, "To a tambaye shi wanne."

Suka yi ta magana da Farisanci. Ashe a yankin tsohon ƙauyuka biyu ne masu sunan a jikin dutse guda, Bala da Payin, wato na sama da na ƙasa, can ɓangaren Kirman. Tsohon ɗan na sama ne.

Na dawo na zube fasfunan Kirman a tebur ina bi ɗaya-ɗaya, gumi na ɗiga. Ladan na kiran azahar na ga Ab-Barik Bala, ga hotonsa. A bakin matakalar jirgi muka tarar da matarsa zaune kan akwati, ta ƙi hawa tun safe. Tana ganinsa ta hau shi da faɗa tana kuka.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, in baƙo ya nace kan kalma ɗaya, kada ku fassara ta da harshenku. Ku tashi ku nemo mai jin nasa.